Na'urar da Ke Kan Rumbu

A tashar Tasawa Rufaida ta fara ganinsa, ranar kasuwa, kuma faɗa ta tarar yana yi. Shi da direban motar Kanan-Bakashe ne ke ta ja-in-ja a kan wani kwali. Direba ya ce a ɗaure kwalin a sama tare da buhunan albasa, saurayin kuwa ya rungume abinsa ya ce sai dai shi a ɗaure shi a saman, kwalin ya zauna a kujera.

"Malam, jariri ne a ciki?" in ji Rufaida, don rana ta ishe ta.

Ya juyo zai mayar da martani, sai ya yi ido biyu da ita. Dogo ne siriri, da shuɗin rawani a wuya. Ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganin mace da tabarau ba, har direba ya gaji ya ce ya shiga da tsiyarsa ya riƙe a cinya.

Allah da ikonsa, kujera ɗaya aka ba su. Sunansa Zubairu, ɗan makiyayan El Alasan Mairairai, ya gama jami'a a Maradi. Ita kuwa malamar lissafi ce a wata kwaleji a Mayahi, za ta gida ganin iyayenta. Kafin mota ta bar kwalta ya buɗe kwalin, don Zubairu irin mutanen nan ne da ba sa iya riƙe abin da suke so a ciki. Wani farin abu ne kamar kifaffen kwano, da ƙaramin akwati, da wayoyi birjik.

"Rediyo ce," ya ce. "Amma ba labarai take ji ba. Taurarin ɗan'adam take saurare, waɗanda ke gaya wa waya inda take."

"To ai wayata ma tana yi."

"Wayarki abin da maƙeranta suka ɗora mata shi ke nan har ta mutu. Wannan kunne ce kawai. Tana ɗauko muryar sama ɗanya ta miƙa wa ordinata, wato kwamfuta, sauran aikin duk lojisiyel ne, manhaja ke nan, kuma ni na zauna na rubuta shi. Kuma kowane tauraro ta tasha biyu nake jin sa."

"Ɗaya ba ta isa ba?"

"Akwai wata iska can sama da rana ke kunnawa, tana riƙe saƙo ya makara. In ya makara lissafin nisa ya lalace, sai a ajiye ki a gonar maƙwabci. Amma ba ta riƙe tashoshin biyu daidai wa daida, don haka…"

"Sai ka gwama su, bambancin ya nuna maka yawan makarar, ka cire," ta ƙarasa masa tana gyara tabarau. "Lissafi biyu, abin nema biyu. Ai ɗalibaina ma suna yi."

Kai! Zubairu saura kaɗan kwalin ya suɓuce masa. Ya daɗe yana yi wa mutane bayanin nan suna hamma, yau ga wadda ta ƙarasa masa magana a cikin motar albasa. Kafin su sauka ya karɓi lambarta, don zumuɗi har sai da ya rubuta ta ba daidai ba ta gyara masa.

Da ta isa gida, ko wanka ba ta yi ba saƙo ya shigo:

"Madam Lissafi, kin isa lafiya? Ni dai jikina ya iso, hankalina yana kujerar nan."

Ta yi dariya ita kaɗai, ta rubuta:

"Lafiya lau, Mai Kwano. Ka koma tasha ka ɗauko hankalinka kafin direba ya ɗaure shi da albasa."

Daga ranar soyayya ta kama kamar wutar kara. Duk daminar nan babur ɗin Zubairu ya san hanyar Kanan-Bakashe fiye da hanyar gidansu. In rezo ya ɗauke a Mairairai, har kan tudu yake hawa don kawai ya tura mata "Ruhina, kin ci abinci?" Ita ma da take yi masa tsiya, in wayarta ta wuni shiru ba ta iya koyarwa da daɗi.

Mahaifinta Malam Cha'ibu manomi ne mai faɗa a ji, mutumin da sunansa ya fi masa komai. Da farko ya ɗan ja baki da ya ji ɗan makiyaya ne, don tsakanin manoman garin da mutanen Mairairai akwai tsohuwar tsama a kan burtali, hanyar nan da dabbobi ke bi ta tsakiyar gonaki. Amma ladabin yaron ya saye shi. Inna Binta, uwar Rufaida, ita kam tuni ta fara ajiye masa fura a ƙwarya ta musamman.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba: Dalhatu, ɗan ƙanwar Malam Cha'ibu, mai shagon wayoyi a Tasawa. Tun suna yara yake cewa Rufaida matarsa ce, ana ɗauka wasan taubasai ne, ashe shi har zuci yake nufi.

Da kaka ta gabato, kwamitin filaye ya ba Zubairu aikin da ya daɗe yana mafarki. Turakun siminti da aka kafa wa burtali shekarun baya rairayi ya binne su, sai lambobin wurarensu da ke ajiye a meri, wato ofishin magajin gari. Aka ce ya zo da na'urarsa ya nuna inda iyaka take kafin dabbobi su gangaro.

Na'urar biyu ce, shi yana ce musu uwa da ɗiya. Uwa ana kafa ta wuri ɗaya ta yi kwanaki tana saurare har ta san inda take sarai. Ɗiya ita ke fita yawo a kan sanda, kuma duk abin da za ta faɗa daga mazaunin uwa take auna shi. Ya zo neman wuri mai tsayi da ba bishiya, Malam Cha'ibu ya ja hannunsa har bayan gida ya nuna masa babban rumbunsa.

"Baba, ba ya motsi?"

"Wanga rumbu? Tun ba a haifi Rufaida ba yake nan."

Zubairu ya hau ya ɗaure uwa da batirinta da ɗan faifan sola a ƙoƙuwar jinka. Ya sa mata layin waya don ta riƙa tura wa ordinatarsa abin da ta ji duk inda yake. Ya roƙi kada a rufe ta, kada yara su jefe ta. Sannan ya tura saƙo Mayahi:

"Zinariya, na kafa uwa a gidanku. Baba da kansa ya ba ni wuri mafi tsayi. Saura ni a kafa ni."

"Ka yi aikinka da kyau tukuna, sarkin zumuɗi. Allah ya ba da sa'a, Mai Kwanona."

Ranar awo Talata ce, Rufaida na makaranta. Gari ya cika maƙil, manoma gefe guda, makiyaya gefe guda tare da jagoransu Baffa Mamman, yayan mahaifin Zubairu. Zubairu na gaba da sanda, jama'a na biye, duk inda ya tsaya a kafa fegi. Da aka iso gonar Malam Cha'ibu ya dubi allon ordinata. Layin ya wuce jerin yakuwar da ke bakin gona, ya shige cikin gero, ya haɗiye itatuwan gawon da dattijon ya raina da hannunsa.

Ya sake aunawa. Haka dai.

"Faɗi mana," in ji shugaban kwamiti.

Zubairu ya dubi Malam Cha'ibu, wanda ke murmushi yana jiran a wanke shi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Amma ya faɗa. Ya ce bisa abin da na'ura ta nuna, gonar ta shiga burtali da kusan tsawon amalanke uku.

Wuri ya ɗauki hayaniya. Makiyaya suka hau murna, wani a cikinsu ya ce dama sun daɗe da sani. Malam Cha'ibu ya karkaɗe rigarsa ya juya gida.

Da la'asar Zubairu ya je ƙofar gida ya durƙusa. Dalhatu ya riga shi zuwa, yana zaune kusa da kawunsa.

"Kawu, ni wayoyi nake gyarawa, na san kan abin nan," in ji Dalhatu. "Da bakinshi ya ce shi ya rubuta lojisiyel ɗin. To wanda ya rubuta ai shi ke sa ta faɗi abin da yake so. Danginshi ya yi wa aiki."

"Baba, wallahi ban…"

"Kada ka ƙara ce mini Baba," in ji Malam Cha'ibu. "Ubana bai ci burtali ba, ni ban ci ba. Ka tsaya gaban gari ka mai da ni ɓarawon hanya. Wanda ya yi mini haka ba ya auren ɗiyata. Tashi ka tahi."

Ko uwar da ke kan rumbu ba a bar shi ya ɗauka ba. Dalhatu ya so ya sauko da ita ya wurgar, dattijon ya daka masa tsawa ya ce amana ce, kowa ya bar ta inda take.

Labari ya isa Mayahi kafin magariba. Rufaida ta kira uwarta, ta ji Inna na kuka, ta ji an ce Baba ko masallaci ya kasa fita. Ranta ya ɓaci, ta ɗauki waya ta rubuta abin da daga baya ta yi da-na-saninsa:

"Zubairu, ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Ka taɓa lissafin nan?"

Amsar ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, gajeriya ce:

"Har da ke, Rufaida?"

Shi ke nan. Ba Ruhina, ba Zinariya. Ta kira bai ɗauka ba. Ranakun nan ta koyar da darasi ne kawai da baki, har ɗalibai suka lura Madam tana goge allo tana goge ido. Tana son Zubairu, tana son ubanta, kuma ta san ɗaya daga cikinsu ba ya ƙarya, ɗayan ma ba ya yi. Wannan shi ya fi ci mata rai.

Shi kuwa yana Mairairai, ya ƙi cin abinci. Na'urarsa tana ajiye muryar sama ɗanya kamar yadda aka ji ta, don haka ya zauna gindin aduwa yana maimaita awon Talata a ordinata, yana bin lissafinsa layi-layi. Bai ga kuskure ba. Baffa Mamman ya zo ya dafa shi ya ce ya yi abin maza, mata kuwa ga su nan da yawa. Zubairu ya ji kamar ya fashe da kuka.

Ranar Asabar Rufaida ta iso gida. Ta durƙusa gaban ubanta za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"In zancen yaron nan ne, na rufe shi."

Washegari da hantsi Inna Binta ta ce ta kai wa masu aiki fura bayan gida, ana zuba sabon gero a rumbu. Ta ɗauki ƙwarya ta fita. Tana shan kwana ta ga maza sun sa kafaɗa da gwafanni sun ɗage jinkar rumbu ɗungurungum, suna tafiya da ita sannu-sannu zuwa fili. A ƙoƙuwarta ga farin kwanon nan yana ƙyalli.

Ƙwaryar ta faɗi, fura ta malale.

"Inna! Inna!"

Inna Binta ta fito a guje ta ɗauka maciji ne.

"Nan aka kafa ta? A kan jinka? Inna, ran Talata an buɗe rumbun nan?"

"Ke, mi ya same ki? An buɗe mana. Baƙi cike da gari, da mi zan yi musu fura? Tun da safe aka sauke, aka bar rumbu ya sha iska har azahar ta wuce. Amma ki tambayi kowa, ko yatsa ba wanda ya sa wa abin yaron nan. A hankali aka ɗauke ta, a hankali aka mayar."

Rufaida ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun. Ta danna kiran Zubairu bai ɗauka ba. Ta rubuta:

"Don girman Allah ka buɗe ordinata ka dubi uwa YANZU."

Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Rufaida! Uwa ta bar wurinta! Wa ya…"

"Tsaya ka gani!" Ta juya ga mazan nan. "Don Allah ku ɗaga ta ku yi gabas da ita!"

Suka dubi juna, suka ɗaga.

"Tana tafiya!" Ihun Zubairu har masu ɗaukar jinka suna ji. "Wallahi tana tafiya! Ta yi gabas! Rufaida, mi ke faruwa a gidanku?"

"Jinka ce, Mai Kwano! A kan murfin rumbu ka ɗaure ta! Kai ba ka san ta sama ake buɗe rumbu ba?"

Zubairu a gidan da ba rumbu sai buhu ya tashi, geronsu daga kasuwa yake zuwa a kan raƙumi, daga nan kuma sai makarantar kwana. Ya sha ganin rumbu, amma bai taɓa tsayawa ya ga an buɗe shi ba. Ya tambaya ko rumbu na motsi, aka ce masa a'a, kuma gaskiya aka faɗa masa. Su kuma mutanen gidan ba wanda ya gaya musu cewa gusar da ita ya fi jifan ta illa, don duk inda uwa ta gusa, haka awon ɗiya zai gusa.

"Ni ɗiya nake ta bincike, ban taɓa zargin uwa ba," ya ce a sanyaye. "Har na ga tsayin ƙasa ya canja ran nan, na ɗora wa iskar sama laifi. Kaicona."

"Ka yafe mini abin da na rubuta maka."

"Ni zan nemi gafara, Ruhina. Na kunyata Baba a banza."

Malam Cha'ibu yana tsaye bayanta, ya ji komai. Fuskarsa ba ta saki ba.

"A gaban gari aka ɓata ni," ya ce. "Ba a waya za a wanke ni ba."

Wannan ne fa ya rage, kuma ba ƙarami ba ne. Da Zubairu ya kai wa Baffa Mamman labari, tsohon ya miƙe tsaye.

"Ran Talata ka ce hanya tamu ce, yau ka ce ba tamu ba? Kowa zai ce don mace ka juya. Su sun ce ka yi mana aiki, mu za mu ce ka yi musu. Wa zai ƙara yarda da kai?"

"Kada kowa ya yarda da ni, Baffa. Turakun da aka kafa suna nan ƙarƙashin rairayi. Zan nuna wuri a haƙa. In ba a samu ba, na bar aikin nan, na bar yarinyar."

Da Rufaida ta ji wannan sharaɗi sai ta ɗauki waya. Ta rubuta masa:

"Wa ya ba ka izinin sa ni a caca? In wani ya tone turken ya yi murhu da shi fa?"

"To sai in zo in durƙusa har Baba ya gaji. Amma lissafin daidai yake, Madam. Ke kika duba shi."

Gaskiya ne, ta duba. A zauren meri suka zauna, ƙofa a buɗe, suka bi shi tare daga farko har ƙarshe. Aka sauke uwa daga rumbu aka ɗaure ta a saman shaton ruwa, dogon tankin nan na ƙarfe, aka bar ta ta yi kwanakinta.

Ranar awo na biyu jama'ar ta ninka ta farko, har daga garin Sarkin Hausa an zo a amalanke. Zubairu ya tsaya tsakiya ya cire rawaninsa.

"Jama'a, na yi kuskure, kuma kuskuren nawa ne ni kaɗai. Na ɗora na'ura inda bai kamata ba, na faɗi abin da ba haka ba a kan dattijon kirki. Yau ba bakina za ku ji ba."

Ya ɗauki sanda ya bi gefen gona, idonsa a kan allo. Ya wuce itatuwan gawo ya bar su a cikin gona. Ya matsa, ya dawo kaɗan, ya tsaya cik.

"Nan."

Aka sa shebur. Aka haƙa har ƙauri, ba komai. Aka kai gwiwa, rairayi ne kawai ke zubowa. Dalhatu ya yi wata ƴar dariya ya ce ko rijiya ake yi wa gari. Rufaida na cikin mata ta damƙe hannun Inna har tsohuwar ta ce za ta karya ta. Gumi ya jiƙa rigar Zubairu sharkaf.

Sai ga Baffa Mamman ya tuɓe takalmi ya karɓi shebur.

"Ba ni nan. In ƙarya ce ni zan fara ganin ta."

Malam Cha'ibu ya dube shi, shi ma ya naɗe hannun riga ya karɓi wani shebur. Tsofaffi biyu a rami ɗaya, kowa na huci, ba mai kallon wani.

Ƙwal!

Shebur ɗin Malam Cha'ibu ne ya daki abu. Suka zube a gwiwa suna share rairayi da hannu. Kan turken siminti ya bayyana, da sauran jan fenti a jikinsa, daidai ƙarƙashin inda Zubairu ya soka sandarsa.

Wayyo, zo ka ga murna! Guɗa ta tashi ta ko'ina, maza na kabbara, samari suka ɗaga Zubairu sama yana roƙon su bar shi ya ajiye ordinata. Inna Binta ta manta da kunya ta taka rawa a gaban surukai. Rufaida kuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka da dariya.

Aka ci gaba aka tono turke na gaba. Da aka ja igiya tsakaninsu, sai ga jerin yakuwar Malam Cha'ibu ya leƙa cikin burtali da kamar kamu ɗaya. Kowa ya hau satar kallonsa. Zubairu ya matsa kusa da shi.

"Baba… yakuwar ta shiga."

Dattijon ya dube shi. Sannan ya sunkuya ya kama yakuwar ya fara tumɓukewa da hannunsa, yana miƙa wa Baffa Mamman.

"Ungo, kai wa awakinka. Wagga kam na ci, na mayar."

Baffa Mamman ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Malam Cha'ibu ya miƙe ya kama hannun Zubairu ya ɗaga.

"Ku shaida. Yaron nan ya faɗi abin da ya gani ran da zai rasa ɗiyata, ya kuma faɗa ran da zai rasa danginshi. Na zarge shi da ha'inci, na janye. Mamman, in kuna so ku turo. Na ba shi Rufaida."

Zubairu ya zube a gabansa. Dalhatu ya sulale ya bar wurin, amma kwana biyu bayan haka ya zo da kansa ya ba Zubairu hannu, ya ce bakinsa ne ya fi shi sauri. Shi ya kawo lasifikar biki.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Cha'ibu. Mutanen Mairairai suka iso da raƙuma da garken shanu, kuma ta burtalin nan suka biyo, ba wanda ya ɗaga murya. A gaban garken ga wata jar karsana da Baffa Mamman ya ware wa amarya. Ana shafa fatiha wayar Rufaida ta yi motsi, ita kuwa tana cikin lalle da mayafi:

"An ɗaura, Ruhina. Alhamdu lillahi."

Ta sa ƙawarta ta danna mata amsa, don lallen bai bushe ba:

"Na ji guɗa, mijina. Ka zo ka gaida Inna, tun ɗazu take kuka."

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Malam Cha'ibu ya kira su biyun zaurensa. Baffa Mamman na zaune a tabarma ɗaya da shi, suna shan shayi. Ya ɗora hannun ɗiyarsa a kan na mijinta, idonsa ya cika da ƙwalla bai ɓoye ba.

"Zubairu, ran nan na ce kada ka ƙara ce mini Baba. Na ji zafin maganar nan fiye da kai. Faɗa in ji."

"Baba," in ji Zubairu.

"Na'am, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai faɗin gaskiya."

Baffa Mamman ya ajiye kofinsa ya ɗaga hannu, duk zauren ya amsa da amin.